Darasi na 6: Awon Mutum-mutumi a Cikin Kwamfuta

A darasin da ya wuce mun buɗe manhajar Blender, mun juya akwatin nan da ke zaune a tsakiyar allo, mun kuma ga haruffa uku masu launi a kusurwar dama ta sama. Yau aikinsu ya zo, saboda haka mu tuna su. Ja shi ne X, daga hagu zuwa dama, wato faɗi. Kore shi ne Y, gaba da baya, wato kauri. Shuɗi shi ne Z, daga ƙasa zuwa sama, wato tsawo.

Abin da za mu yi yau shi ne mu ɗauki mutum-mutumi, mu ba shi tsawon da muke so da irin jikin da muke so. Mafi yawanku teloli ne daga unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi, sai masu zanen allon talla da kafintoci biyu ko uku. Duk wanda ya shekara ashirin yana zagaya ƙugun mutane da tef ya riga ya san rabin darasin nan tun kafin ya zauna. Abin da ya rage masa shi ne ya san inda zai danna.

Wasu sun tambaye ni hukuncin yin siffar mutum. Wannan tambaya ce ta malamai, kowa ya kai ta wurin malaminsa. A ajinmu dai muna aiki da mutum-mutumi marar fuska, irin wanda ake rataya wa kaftani a ƙofar shago.

Kai shi ne ma'auni

Mai sayar da gari a kasuwar Kejetia da olonka, wato gwangwanin awo, take awo. Mai zanen mutum kuwa da kai yake awo, daga tsakar ka zuwa ƙarshen haɓa. Baligi yana da kai bakwai da rabi a tsawonsa, ko kusa da haka. Masu zanen kayan ado sukan ja shi zuwa takwas ko tara don tufafi su fi zubowa da kyau, amma a kan titi bakwai da rabi za ku fi gani.

Mu yi lissafi tare. Mutum mai tsawon santimita 170, wato kusan inci 67 a tef ɗinku. A raba 170 da 7.5, za a sami kusan 23. Ke nan kansa santimita 23 ne. Rabin tsawonsa 85 ne, kuma ba a cibiya yake faɗawa ba kamar yadda mutane da yawa suke zato. Yana faɗawa can ƙasa, daidai inda ƙafafu suka rabu. Idan ya saki hannuwansa, gwiwar hannu tana zuwa wajen ƙugu, yatsu kuma suna kaiwa tsakiyar cinya. Idan ya miƙa su hagu da dama, wato gaba ɗaya irin wadda masu haƙar rijiya suke ƙirgawa, tsawonta kusan daidai yake da tsawonsa a tsaye. Ku tashi biyu-biyu ku gwada wannan da tef kafin mu ci gaba. Na fi so ku gani a jikinku, don abin da hannu ya auna ba ya saurin fita daga kai.

Ba shi tsawo

Ku danna mutum-mutumin da maɓallin hagu na maus. Wanda ya kalli tsohon bidiyo ya ga ana zaɓa da na dama, kada ya rikice, an canza wannan ne a shekarar 2019 da fitowar Blender 2.80. Yanzu ku danna harafin N. Wani ɗan shafi zai fito daga dama. A can ƙasansa akwai kalmar Dimensions, da lambobi uku a ƙarƙashinta. Ta Z ita ce tsawo, kuma da mita ake rubuta ta.

A ce ta nuna 2, mu kuma 1.70 muke nema. A raba abin da ake so da abin da ake da shi: 1.70 a raba da 2, ya ba da 0.85. Ku mayar da maus kan mutum-mutumin, ku danna S, ku rubuta 0.85, ku danna Enter. Shi ke nan. Faɗi da kauri da tsawo duk sun ragu tare, siffarsa ba ta lalace ba.

Kuna iya danna S ku ja maus da ido, amma ban so ku saba da haka. Tela ba ya yanka shadda da ido alhali tef yana wuyansa.

Wani lokaci za ku shigo da mutum-mutumi daga wata manhaja, sai ku tarar ya cika allo har ba ku ganin komai sai ƙwaurinsa. Yawanci waccan manhajar da santimita take awo, sai aka karanta 170 a matsayin mita 170. Maganinsa S, 0.01, Enter.

Akwai wani ɗigo ruwan lemo a jikin kowane abu. Daga wurinsa abu yake girma, zuwa wurinsa yake tsukewa. Idan ɗigon yana ciki, da kun rage tsawo za ku ga ƙafafu sun tashi sama suna reto, da kun ƙara kuma su nutse cikin ƙasa. A sauko da shi tsakanin diddige biyu. Ku tsayar da mutum-mutumin a tsakiyar fili, tafin ƙafarsa a kan layin ƙasa, ku danna Shift da C tare, sannan ku shiga Object, ku zaɓi Set Origin, ku zaɓi Origin to 3D Cursor. Daga nan ko ya girma ko ya ragu, ƙafarsa tana ƙasa.

Yaro ba ƙaramin babba ba ne

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne kusan kowa yake tuntuɓe.

A ajin bara akwai wata Hajiya mai ɗinkin kayan yara. Tana son mutum-mutumin ɗan shekara biyu don ta gwada masa rigar salla. Ta ɗauki namu mai santimita 170, ta danna S, ta rubuta 0.5. Ya dawo 85, kuma lissafinta daidai ne, don ɗan shekara biyu kusan haka tsawonsa yake. Ta daɗe tana kallon allo, ta jingina baya, ta gyara mayafi, sannan ta kira ni.

"Malam, zo ka gani. Wannan ai ba yaro ba ne. Babba ne aka matse."

Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya. Me kika gani?"

Ta ɗora yatsa a kan allo. "Kan ya yi ƙanƙanta. Ƙafafun sun yi tsawo. In na yanka wuyan riga da wannan, ba za ta shiga kan jikana ba."

Ban ƙara mata komai ba, ta riga ta faɗi darasin. Kan mutum yana riga sauran jiki girma. Jariri sabon haihuwa kai huɗu ne kawai a tsawonsa. Ɗan shekara biyu kusan biyar, ɗan shekara shida kusan shida, a haka har a kai bakwai da rabi. To ku duba abin da ya faru a kwamfutar Hajiya. Kan baligi 23 ne, da aka raba biyu ya dawo kusan 11 da rabi. Amma 85 a raba da 5, 17 ke nan. An tauye wa yaron fiye da santimita biyar a kai kaɗai. Banda haka, tsakiyar jikin ƙaramin yaro tana wajen cibiya, ƙafafunsa gajeru ne, wuyansa da ƙyar ake gani, cikinsa ya ɗan turo gaba, kafaɗarsa kuma ba ta fi kansa faɗi da yawa ba. Harafin S bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi dai ya ninka lamba ya tsaya.

Gyaran sai an bi gaɓa-gaɓa. Ku danna Tab don ku shiga cikin ragar da aka saƙa jikin da ita. Ku danna Alt da Z tare don ku iya zaɓar har ɗigogin da ke baya, in ba haka ba za ku ja gaban kai ku bar ƙeya a inda take. Ku zaɓi kai, ku girmama shi da S. Ku zaɓi ƙafafu, ku danna S sannan Z, ku gajarta su. Bayan kowane gyara ku duba daga gaba da lamba 1, daga gefe da lamba 3, a jerin lambobin da ke hannun dama na kibod. Yawancin laptop na hannu da ake saye a Adum ba su da wannan jeri. In taku haka take, ku shiga View, sannan Viewpoint, ku zaɓi Front ko Right.

Ba ina cewa dole kowace siffa ta bi awon jiki ba. Ku je Ahwiaa a kan hanyar Mampong ku ga masassaƙa suna fitar da akuaba, 'yar tsanar Asante: kai faffaɗa kamar faifai, wuya mai zobba, hannuwa gajeru a miƙe. Babu mai cewa masassaƙin ya yi kuskure, don da gangan ya yi, kuma ya san abin da yake nufi. Wanda bai san awon ba kuwa, ko ya yi babban kai, mai kallo zai gane cewa kuɓuce masa ya yi.

Ƙiba da rama

Idan kuka danna S sannan Shift da Z tare, mutum-mutumin zai yi faɗi da kauri, tsawonsa bai motsa ba. Da sauri ake yi, amma sakamakon ba ya gamsar da ni, don har ƙoƙon kai da idon sawu suna buɗewa. Ku tuna kwastoman da ya dawo bayan shekara biyar ya yi jiki. Ƙugu ya ƙaru, ciki ya ƙaru, cinya da damtse da wuya sun ƙaru. Hularsa fa? Ita ce dai ta da. Agogonsa ma rami ɗaya ko biyu ya matsa.

Saboda haka a sa nama inda nama yake zama. A cikin raga, ku danna harafin O. Ku zaɓi ɗigo ɗaya a kan ciki, ku danna G sannan Y, ku ja gaba a hankali. Za ku ga wata da'ira, duk abin da ke cikinta yana biyowa, na kusa da ƙarfi, na nesa kaɗan-kaɗan, kamar an ɗaga tsakiyar zane da yatsa biyu. Ku murza tayar maus don da'irar ta buɗe ko ta tsuke. Don damtse da cinya kuwa, ku zaɓi wurin ku danna Alt da S, zai kumbura ta kowane gefe. Kafin ku fara, ku duba saman allo inda akwai alama mai kama da malam-buɗe-littafi, ku kunna X da ke kusa da ita, don abin da kuka yi wa hannun dama ya faru a na hagu.

Ga wani lissafi da zai amfani aljihunku. Idan kuka ninka mutum-mutumi sau biyu da S, tsawo ya ninku biyu, amma fatar jiki ta ninku huɗu, cikar jiki kuma takwas. Rigar da ta ci yadi 3 za ta nemi yadi 12. Wanda zai kai aikinsa a buga masa da injin da ke fitar da siffa da roba, ya sani cewa ninka tsawo biyu yana iya kai robar kusan ninki takwas, kuɗin ma haka za su haura.

Tabbatar da awo

Ku sake danna Tab ku fito. A shafin N, ku dubi inda aka rubuta Scale. In kun ga 0.850 ko wata lamba da ba 1.000 ba, to manhajar tana riƙe da tsohon awo a ciki, sabon kuma kamar kafa shi aka yi da fil, ba a bi da keke ba. Na taɓa mantawa da wannan, na kwana ina gyaran wata babbar riga da ta ƙi zama a kafaɗa, ashe matsalar ba daga rigar take ba. Ku danna Ctrl da A tare, ku zaɓi Scale. Lambobin uku za su koma 1.000, tsawon kuma yana nan a 1.70. A yi wannan kafin a sa tufafi, kafin kuma a sa ƙasusuwan motsi.

Sannan Ctrl da S, don dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ba ya sallama. In hannu ya zame, Ctrl da Z zai mayar da ku baya taki ɗaya.

Wani ya tambaya ko wata rana za a ce mu biya kuɗin manhajar nan. Kyauta ce. A shekarar 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro dubu 100 aka fanso ta, ƙarƙashin jagorancin wanda ya ƙirƙiro ta, Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan, aka sake ta ga kowa. Duk wanda ya ce zai sayar muku da lasisinta, kada ku ba shi ko sidi ɗaya.

Aikin gida

Ku karanta waɗannan da ƙarfi, ku rubuta kowace sau uku: tsawo, faɗi, kauri, ƙugu, kafaɗa, haɓa, diddige.

1. Mutum-mutumi yana da mita 2, ana son ya dawo 1.60. Wace lamba za a rubuta bayan S?
2. Mace mai tsawon santimita 165, nawa ne tsawon kanta in aka raba da 7.5?
3. Ku auna babba ɗaya da yaro ɗaya a gidanku, da izininsu ko na iyayen yaron: tsawo, kai, da gaba. Ku raba tsawon kowa da kansa, ku rubuta abin da kuka samu a littafi. Ku zo da littafin da tef ɗinku ranar Asabar, da awon yaron za mu fara.