Kurakuran da Ɗaliban Gaba da Digiri Suka Fi Yi a Darasin Share Fagen Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Akasarin waɗanda ke zama a ajin share fagen ilimin halayyar ɗan Adam a matakin babbar difloma ko digiri na biyu ba daga wannan fanni suka taso ba. Akwai malamin makaranta da ya karanta koyarwa, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai jami'in walwalar jama'a, kuma kowannensu ya shigo da shekarun aiki da sanin mutane. Wannan gogewa dukiya ce, amma ita ce kuma ke buɗe ƙofar kuskuren da ya fi kowanne yaɗuwa, wato ɗaukar darasin a matsayin abin da duk mai hankali ya riga ya sani, an dai yi masa ado da manyan kalmomi ne kawai.

Ɗalibi zai karanta sakamakon wani bincike, ya gyaɗa kai ya ce ai ko kakarsa ta san haka, ya wuce shafi na gaba. Matsalar ita ce da an ba shi kishiyar sakamakon, da haka zai gyaɗa kai. Idan aka ce masa bincike ya nuna yawan haɗuwa yana ƙara danƙon zumunci, zai ce ai dama zumunta a ƙafa take. Idan aka ce masa yawan haɗuwa yana rage girmamawa, zai ce ai dama an tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Baruch Fischhoff ya nuna a 1975 cewa da zarar mutum ya san yadda abu ya ƙare, sai ya riƙa ganin tun farko ma a fili yake. Maganin wannan ba shi da wahala: kafin ɗalibi ya karanta sakamakon kowane gwaji, ya rufe littafin, ya rubuta hasashensa a takarda da adadi. Ga gwajin Stanley Milgram da aka fara a Jami'ar Yale a 1961. An zaunar da mutum gaban na'ura mai maɓallai 30, daga bolt 15 har zuwa 450, wani mai rigar ɗakin gwaji yana umartarsa ya ƙara ƙarfin wutar da yake zaton yana jona wa wani mutum a ɗakin da ke kusa duk lokacin da ya kuskure amsa. Likitocin ƙwaƙwalwa da aka tambaya sun yi hasashen kusan mutum ɗaya cikin dubu ne zai kai maɓalli na ƙarshe. Mutum 26 cikin 40 suka kai. Wanda ya rubuta nasa hasashen kafin ya ga wannan adadi ba zai sake cewa darasin sanin kowa ba ne.

Daga raina darasin ake faɗawa kuskure na gaba, kuma a ganina shi ne mafi tsada ga mai shirin rubuta kundin digiri: tsallake babin hanyoyin bincike da ƙididdiga domin a hanzarta zuwa babukan da ke da daɗin karatu, irin su mafarki, soyayya da taɓin hankali. Ana ƙirga soma wannan fanni a matsayin kimiyya ne daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta ƙasar Jamus, kuma abin da ya raba shi da hikimar dattawa da falsafa shi ne aunawa. Saboda haka tambayar da malami ke jira daga ɗalibin gaba da digiri ita ce ta yaya aka san haka: su wa aka gwada, su nawa ne, da me aka auna, kuma da wa aka kwatanta su. Ɗalibin aji ɗaya na iya tsira da haddace wanda ya faɗi me, amma wanda zai tsaya gaban malamai ya kare bincikensa ba zai tsira da hakan ba.

A nan ne ake yawan ɗaukar tafiyar abubuwa biyu tare a matsayin hujjar cewa ɗaya ne ke haddasa ɗayan. A watannin Maris da Afrilu cinikin ƙanƙara yana tashi a garuruwan arewa, cutar sanƙarau ma a lokacin take tashi, kuma babu wanda zai ce shan ƙanƙara ne ke kawo sanƙarau, domin kowa ya san yanayin zafi da bushewar iska ne ke bayan duka biyun. Amma ɗalibin da ya fahimci wannan shi ne zai raba takardun tambayoyi ga 'yan sakandare, ya ga masu yawan riƙe waya sun fi ƙarancin maki, ya rubuta cewa waya ce ke kayar da su. Wataƙila ita ce. Wataƙila kuma yaron da karatu ya riga ya gagara ne ke fakewa da waya, ko kuma rashin sa ido a gida ne ke haifar da duka biyun. Takardar tambayoyi ba za ta iya raba waɗannan ba. Abin da ke raba su shi ne gwajin da aka kasa mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, aka sauya abu ɗaya tak ga rukuni guda, aka bar ɗayan yadda yake. Inda hakan ba zai yiwu ba, sai a gyara harshen rubutun, a ce an ga alaƙa, a tsaya nan. Haka kuma adadin nan na 0.05 da ake ta nema a manhajar ƙididdiga ta SPSS domin a ce sakamakon bincike ya yi ƙarfi ba ya nufin akwai tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa hasashen mai bincike gaskiya ne. Abin da yake faɗi shi ne, da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa, samun sakamako mai girman wannan ko fiye zai faru ne ƙasa da sau biyar cikin ɗari. Bai kuma ce komai game da ko bambancin yana da girman da zai amfani malamin aji ko majiyyaci ba.

Abin mamaki shi ne yadda ɗalibi zai karanta babin tunawa da mantuwa, sannan ya yi karatun jarrabawa da hanyar da babin ya ce ba ta aiki. Zai sayi alƙalamin shafa launi, ya rine takardun lacca da rawaya, ya maimaita karantawa sau huɗu, ya kwana biyu bai runtsa ba ana gobe jarrabawa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wanda ya gwada kansa da gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cunkusa a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa bayan mako guda, waɗanda suka rufe littafi suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙewa, ko da yake masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan a jikinsa: ba a wanke allo sai an biya karatun da ka, kuma hadda ba ta zama sai da tilawa a kai a kai. Don haka bayan kowace lacca a rufe takarda, a rubuta abin da aka tuna a farar takarda, a duba inda aka rasa, a sake yin haka bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Karatun rukuni ma ya fi amfani idan tambayoyi ake jefa wa juna maimakon mutum ɗaya ya riƙa karantawa saura suna saurare.

Akwai wasu ra'ayoyi da ke kayar da ɗalibai a kowace shekara domin suna kama da juna. Mafi shahara shi ne ɗaukar ƙarfafa hali ta hanyar ɗauke abin ƙi a matsayin horo, wato hukunci, a tsarin masanin halayya B. F. Skinner. Horo yana rage hali ne, ita kuwa ƙarfafawa, kowace iri ce, tana ƙara shi. Yaro yana kuka a kasuwa, uwa ta saya masa alewa, ya yi shiru. Yaron ya samu abin so, don haka kukan kasuwa zai ƙaru. Uwar kuma an ɗauke mata abin ƙi, wato kukan da idanun mutane, don haka sayen alewar zai ƙaru. Ba a hori kowa ba a cikinsu. Duk ra'ayin da ɗalibi bai iya kawo masa misali biyu daga gidansu ko wurin aikinsa ba, bai riga ya fahimce shi ba, ko da ya haddace ma'anarsa kalma da kalma.

Sai kuma riƙe tsofaffin labaran littafi kamar ba a taɓa ja da su ba. Yawancin takardun lacca da ke yawo hannu zuwa hannu an kwafo su ne daga littattafan da suka kwana biyu, alhali fannin ya yi wa kansa bincike mai zafi a shekarun baya-bayan nan. A 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta sake gwada nazarce-nazarce 100 da aka buga a manyan mujallu. A asali 97 daga ciki sun ba da sakamako mai ƙarfi a ƙididdiga, amma da aka maimaita, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake bayarwa. Gwajin kurkuku na Jami'ar Stanford na 1971, inda aka kasa ɗalibai suka yi wasan fursunoni da masu gadi, aka kuma dakatar da shi bayan kwana shida, an daɗe ana koyar da shi a matsayin hujjar cewa matsayi kaɗai na mayar da mutum azzalumi, sai bayanan da suka fito daga baya suka nuna an zuga masu gadin su tsananta. Labarin kisan Kitty Genovese a New York a 1964, wanda aka ce mutum 38 sun kalla ba wanda ya motsa, shi ma an gano jarida ta zuzuta shi. Maganar cewa kashi goma cikin ɗari na ƙwaƙwalwa muke amfani da shi ba ta da tushe ko kaɗan. Wannan ba dalilin watsi da fannin ba ne. Dalili ne na neman bugun littafi na kusa-kusa, da kuma duba ko an sake gwada bincike kafin a gina kundi a kansa. Sigmund Freud ma, wanda sunansa ya fi na kowa tashe, matsayinsa a yau ya fi karkata ga tarihin fannin, kuma amsa kowace tambaya da shi alama ce ta wanda bai wuce babi na farko ba.

Kuskuren da ya fi shafar mu kai tsaye shi ne ɗaukar sakamakon da aka samu a kan ɗaliban jami'ar Amurka a matsayin halin ɗan Adam duka. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin a 2008, ya tarar kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. Ɗauki babin shaƙuwar jariri da mai renonsa. Littafi yakan zana uwa ɗaya da ɗa ɗaya a ɗaki ɗaya. Amma binciken da Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka buga a 1977 a kan jariran Hausawa ya nuna jariri yana shaƙuwa da masu reno da dama a cikin gida, ko da yake yakan fi karkata ga ɗaya. Ɗalibar da ta ɗauko ma'aunin da aka tsara a Amurka, ta shiga gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, za ta iya rubuta cewa uwar ba ta da ɗumi, alhali kaka da gwaggo da yayye suna ta ɗaukarsa, ita kuma tana lura da shi ta wutsiyar ido. Gyaran shi ne duk ma'aunin da aka aro a fara gwada shi a kan ƙaramin rukuni daga cikin mutanen da za a bincika, a zauna da su a ji yadda suka fahimci kowace tambaya, sannan a bayyana a cikin kundi abin da aka sauya da dalilinsa. Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su ce tunda ilimin daga Turawa ya zo babu abin da ya shafe mu a ciki. Mantuwar Ebbinghaus tana kama Bakano kamar yadda take kama Bajamushe. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya Thomas Adeoye Lambo ya nuna hanyar tsakiya tun 1954 a Aro da ke Abeokuta, inda ya zaunar da majiyyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, yana yi musu maganin zamani ba tare da ya cire su daga al'adarsu ba.

Da an kai babin cututtukan ƙwaƙwalwa, wani sabon abu yakan ɓullo: ɗalibi ya fara rarraba wa mutane cuta. Maigidansa a ofis ya zama mai cutar son kai, kishiyar yayarsa ta zama mai rikiɗewar yanayi, shi kansa ya fara zargin yana da ciwon damuwa saboda ya ga alamomi uku a jeri sun dace da shi. Jerin alamomi ba shi ne gano cuta ba. Ana duba tsawon lokacin da alamomin suka ɗauka, da yadda suka hana mutum aikinsa da zamansa da iyali, da ko wani ciwon jiki ko magani ko ƙwaya ne ke haddasa su, kuma wannan aiki ne na wanda ya yi horo a asibiti ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Darasin zango ɗaya ba ya ba da wannan izini. Ya kamata kuma ɗalibi ya san bambancin likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya karanta likitanci kuma yake rubuta magani, da masanin halayya na asibiti, wanda aikinsa gwaje-gwaje da jinya ta hanyar tattaunawa ne. Idan ɗan uwa ko maƙwabci ya zo da damuwa saboda ya ji ana karanta wannan fanni, abin da ya dace shi ne a saurare shi da kyau, a riƙe sirrinsa, a raka shi wurin masu aikin, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa. Idan kuwa ya ambaci kashe kansa, ba a jira gobe, kuma ba a barinsa shi kaɗai kafin a isa asibiti.