Yadda ake zaɓar rim da sifirin na sauke mota: misalin Toyota 86 da Subaru BRZ

Toyota 86 da Subaru BRZ mota ɗaya ce da suna biyu, kamfanin Subaru ke haɗa ta a Japan tun 2012. Da ƙirarta ta farko za mu yi misali, amma lissafin yana aiki a kan kowace mota ta gudu. Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne su fara sayen rim don ya yi musu kyau a ido, daga baya su sauke motar, sai taya ta fara gugar madigadi. Sifirin ake fara sakawa, a auna, sannan a je wajen mai rim.

Mataki na farko: rubuta lambobin da motar ta zo da su

Rim ɗin kamfani inci 17 ne, faɗinsa inci 7, ET 48 (ET lamba ce da ke nuna yadda rim ya shiga ciki ko ya fito waje, bayaninta na mataki na huɗu). Tayarsa 215/45R17, wato faɗinta milimita 215, tsayin gefen robar kashi 45 cikin ɗari na faɗin, a kan rim inci 17. Ramukan noti biyar ne a kan da'ira mai milimita 100, wato abin da ake rubutawa 5x100. Ramin tsakiya milimita 56.1. Zaren notin M12x1.25 ne, wato kauri milimita 12, tazarar zare milimita 1.25.

Biyu daga cikin waɗannan suna yawan ruɗar mutane. Ganin tambarin Toyota, sai a ɗauka notin Camry zai yi, alhali zaren yawancin motocin Toyota M12x1.5 ne. Zai fara shiga kamar gaske, zagaye biyu ko uku sai ya cije, idan aka tilasta shi da sifana ya cinye zaren. Na biyu, akwai Corolla mai 5x100, amma ramin tsakiyar rim ɗinta milimita 54.1 ne, ba zai zauna a kan wuyan da ke 56.1 ba. Rim ɗin Camry kuwa 5x114.3 ne, babu ma maganarsa.

Kafin a taɓa komai, tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi a duk ƙafafu huɗu, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya tana sauya amsar.

Mataki na biyu: nawa za a sauke?

Tsakanin cikin motar da ƙasa kusan milimita 130 ne kawai tun daga kamfani. Sifirin irin Eibach Pro-Kit yana sauke ta da kusan milimita 25, saura kamar 105 ke nan. Wannan ya isa. Tazarar da ke tsakanin taya da madigadi ta ragu, motar ta rage kwanciya a kwana, kuma shokazobar kamfani tana iya ɗauka idan da sauran ƙarfinta.

Matsala tana farawa ne daga milimita 35 zuwa sama a kan shokazobar asali. Shokazoba tana da iyakar tafiyar da take yi sama da ƙasa, duk abin da ka sauke daga cikin wannan tafiya ka cire shi. Da ta ƙare, motar ta koma zama a kan robar da ke tare duka, shi ya sa za ka ga motar da aka sauke sosai tana tsalle kamar akuya a titin da wata mota ke wucewa lafiya. Ga kuma sifirin mai tauri yana buƙatar shokazobar da za ta iya riƙe shi. Wadda ta gaji ba za ta iya ba, nan da nan za ta fara yoyon mai. Idan ka ga danshin mai a jikinta, ko ka danna motar ta yi ta lilo, canza ta tare da sifirin. Aikin kwancewar ɗaya ne, babu dalilin biyan makanike sau biyu. Mai son saukewa fiye da haka ya sayi shokazoba da sifirin da aka ƙera tare, waɗanda ake daidaita tsayinsu da zare.

Yanke sifirin kamfani da garanda, ko gasa shi da wutar walda don ya zauna, ba aiki ba ne. Wuta tana kashe ƙarfen, wanda aka yanke kuma yana iya fita daga mazauninsa idan taya ta faɗa rami.

Duba hanyar gidanka ma. Idan akwai tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke zubawa da kankare, ko gangaren shiga get mai tsini, milimita 20 zuwa 25 ne iyakarka.

Mataki na uku: sakawa

Ƙafar gaba sifirin yana naɗe ne a matse a jikin shokazoba, dole sai da abin matse sifirin kafin a kwance notin sama. Wanda ya kwance babu shi, ƙarfen zai iya fizgewa ya karya masa hannu ko fuska. A tabbatar bakin sifirin ya zauna a gurbinsa na ƙasa, kuma ba a musanya na gaba da na baya ba. Idan takardar da ke cikin kwalin ta ce a rage robar tare duka ko a sa wadda suka haɗo, a bi abin da ta ce.

Ga wurin da makanikai da yawa ke tsallakewa: notunan hannayen ƙafa masu bushin roba ba a ɗaure su ƙarshe motar tana rataye a kan jak. Sai an sauke nauyinta a kan tayoyi. In ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, motar ta ƙi sauka daidai, bushin ya yage da wuri.

A yi kwanaki ana hawa don sifirin ya zauna, a sake aunawa, sannan a je alaimen. Saukewa tana sa saman tayoyin baya ya ƙara jingina ciki, kuma a wannan motar kamfani bai sa abin gyara wannan jinginar a baya ba, sai an sayi hannun ƙasa mai daidaitawa. A saukewar milimita 25 yawanci ana iya haƙura da ita. Abin da ke cinye taya da sauri shi ne bakin tayoyin ya kalli ciki ko waje fiye da ƙima, wannan kuwa ana gyara shi gaba da baya.

Mataki na huɗu: faɗin rim da ET

ET shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne da mota, a milimita. Ƙaramin ET yana turo rim waje, babba yana shigar da shi ciki. Lissafin ba wuya: mayar da faɗin zuwa milimita, inci ɗaya 25.4 ne, ka raba biyu. Cire ET ka sami gefen waje, ƙara ET ka sami gefen ciki.

Na kamfani, inci 7 ET 48: rabi 88.9, waje 40.9, ciki 136.9.

Inci 8 ET 45: waje 56.6, ciki 146.6. Idan aka kwatanta da na kamfani, ya fito da kusan milimita 16, ya shiga da kusan 10.

Inci 8 ET 35: ya fito da kusan 26, ciki bai motsa ba.

Inci 9 ET 35: ya fito da 38, ya shiga da 12.

Yanzu ɗauki rula ka duba motar da aka riga aka sauke: nawa ne daga gefen taya zuwa leɓen madigadi, nawa ne daga cikinta zuwa mazaunin sifirin na gaba? Ka bar aƙalla milimita 5 ta ciki. Ga motar hawa kullum, 17x8 mai ET tsakanin 35 da 45 shi ne zaɓin hankali. Inci 9 na masu shiga filin tsere ne, yana buƙatar a ƙara jinginar tayoyin gaba, wani lokaci har a lanƙwasa leɓen madigadi. ET da ya yi ƙasa sosai kuma yana ƙara wa boris nauyi, sitiyari ya riƙa bin kowane layi da ke kan kwalta.

Injin wannan mota lita 2 ne, ba shi da ƙarfin da zai ɓoye nauyin rim. Na kamfani kusan kilo 9 ne, don haka a ɗora sabon a sikeli, kada ya wuce haka. Wanda motarsa ta zo da birkin Brembo ya gwada rim ɗin a ƙafar gaba kafin ya biya, domin ba kowane ne ke wuce kan birkin ba.

Mataki na biyar: taya

Tsayin taya gaba ɗaya kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya. A 215/45R17, kashi 45 na 215 shi ne 96.75, sau biyu, a haɗa da inci 17 wato 431.8, ya ba da milimita 625. 225/45R17 tana ba da 634, ta dace da rim inci 8. 245/40R17 tana ba da 628, ita ce abokiyar inci 9. Mai son inci 18 zai sa 225/40R18, tsayinta 637, amma gefen robar ya ragu zuwa milimita 90, kuma wannan robar ce ke tsakanin rim da bakin rami. A hanya mai ramuka, 17 ta fi.

Duk huɗun su zama girma ɗaya kamar yadda motar ta zo. Faɗaɗa na baya kaɗai yana sa gaban ya riƙa turjewa a kwana.

Mataki na shida: ɗaurawa

Yawancin rim ɗin kasuwa ramin tsakiyarsu ya fi 56.1 girma, 73.1 ya fi yawa, sai a sa zoben da ke cike tazarar. Rashinsa yana jawo kakkarwar sitiyari da balansin ba ya magancewa. Bakin noti ya dace da ramin rim, yawanci mai tsini ne na digiri 60. A fara ɗaura su da hannu, a bi su tsallake-tsallake, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi a kan Nm 120 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), ba da bindigar iska ba. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka leƙa, ɗauki mutum biyu a baya ka hau tudu a hankali kana saurare. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 100 a sake bin notunan da sifana.