Yadda Ake Warware Lissafin Tsinken Ashana

A majalisarmu ta Ƙofar Soro a Katsina, bayan sallar Isha'i, yara kan jera tsinkayen ashana a kan benci su rubuta 5 + 7 = 2. Sharaɗin shi ne a matsar da tsinke ɗaya tak, lissafin ya daidaita. Ga yadda nake yi.

1. Jera naka tsinkayen da hannunka. Kallo a waya bai kai taɓawa ba.

2. Kada ka yi saurin cewa 12. Ina za ka samo tsinken 1 ba ka ɓata wata lamba ba?

3. Dubi alamar tarawa. A nan yawanci ake tuntuɓe, domin an ɗauka lambobi kaɗai ake taɓawa, alhali ita ma tsinke biyu ce, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Zare na tsayen, sai ta koma alamar ɗebewa. Masu gitta tsinke a kan alamar daidai kuwa, ni ban yarda da amsarsu ba.

4. Ɗora tsinken a gefen dama na saman 5, ta zama 9.

5. Karanta: 9 − 7 = 2.