Aikin Gida a Bazarar Kano: Tukunyar Sanyi, Girkin Sassafe da Lambun Buhu

Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan fari a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, abu biyu ne ke juya gida a birnin Kano: rana da ruwa. A Afirilu zafi kan haura digiri 40 da tsakar rana, rijiyoyi su ja baya, 'yan garuwa su ƙara wa jarka kuɗi, wutar lantarki kuma ba ta zama balle firji ya yi sanyi. A Gwammaja nake zaune, gidanmu ɗan tsakar gida ne na siminti da rumfa a gefe guda, ba wani fili. Abin da nake so in gaya miki, 'yar uwa, shi ne yadda nake sa ranar nan ta yi mini aiki, da yadda ruwa ɗaya ke yi mini amfani biyu kafin ƙasa ta shanye shi.

Da tukunyar sanyi zan fara, wadda ke ajiye cefane ba tare da lantarki ba, don ita ce ke riƙe sauran.

Ki nemi tukwanen ƙasa biyu wajen masu tukwane, babba da ƙarama, yadda ƙaramar za ta shige cikin babbar a bar rata kamar yatsa biyu zuwa uku a kewaye. Ki ƙwanƙwasa kowacce da yatsa kafin ki biya. Mai lafiya ƙara take yi wasai, mai tsaga kuwa sautinta a dushe yake. Babbar kada ta zama mai fenti ko wadda aka shafe da siminti, domin ta jikinta ruwa zai riƙa tsattsafowa, kuma wannan tsattsafowar ita ce dukan aikin. Ki samo yashin gini mai ɗan kaushi, ki tankaɗe shi, ki wanke shi har ruwan ya daina fitowa ja. Ki zuba shi a gindin babbar gwargwadon yadda bakin ƙaramar zai yi daidai da na babbar, ki zaunar da ƙaramar a tsakiya, ki cike ratar da yashi har wuya. Daga nan sai ruwa, a hankali, da buta, har yashin ya ƙoshi amma bai yi iyo ba. Ki rufe da faifai, ki ɗora jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohon tawul a kai.

Busasshiyar iskar bazara tana ɗauke ruwan da ya tsattsafo bayan tukunyar, shi kuma ruwan yana tafiya da zafin ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Ilimin randa ne na kaka da kakanni, amma wanda ya fito da shi a wannan siffa ya yaɗa shi shi ne Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A gwajin da ya yi, gauta ta kai kwana 27 maimakon kwana 3, tumatir da tattasai suka yi mako uku ko fiye, alayyahun da kan yanƙwane a kwana ɗaya ya kai kwana 12. Abin alfahari ne a ce ɗan ƙasarmu ne ya yi wannan, kuma yana ba ni takaici yadda gidaje da yawa a cikin birni ba su san da ita ba, alhali tumatir na ruɓewa a kwando.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin ajiyewa. Kada ki kai ta lungun ɗaki ko cikin kicin. Inuwa take so mai iska, ƙarƙashin rumfa ko a zaure, a ɗora ta kan bulo uku ko gindin randa don iska ta ratsa ta ƙasa. Ki ba yashin ruwa safe da yamma. Tumatir, tattasai, attaruhu, karas, kokwamba, yalo da ganye duk suna shiga, a bushe ba a jiƙe ba, kuma duk wanda ya fara taɓuwa ki cire shi nan take. Albasa da tafarnuwa ba sa son laima, su zauna a kwando. Nama, kifi da dafaffen abinci kuwa kada ki yarda ki dogara da ita a kansu, sanyinta bai kai nan ba.

Wannan na ɗanyen cefane ke nan. Na ajiya mai nisa kuma rana za ki ba wa. Tumatir na noman rani da ake kawowa daga Kura, Kadawa da Garun Malam yana araha tun daga Janairu zuwa Maris, yana shiga Mayu sai ya fara tashi, da damina ta kankama kuwa sai mai hali. Saboda haka farkon bazara ki shiga 'Yankaba da sassafe ki ɗauko kwando, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba. Ki zaɓi ɗan UTC, mai tsoka da ƙarancin ruwa. A wanke, a tsane, a yanka kowanne gida biyu ko huɗu, a jera shi a tabarma mai tsabta, wajen yankan yana kallon sama, a ɗan barbaɗa gishiri. A ranar Afirilu kwana uku zuwa biyar sun isa. Ki san ya yi idan kin matsa shi babu damshi a yatsa. Da magariba a shigo da shi. Abin da ke ɓata kauda ƙura ce da ƙuda, don haka ki sa kafinta ya haɗa miki katako huɗu, a buga ragar taga a kai, ya zama murfi. Idan babu hali, tsohon gidan sauro da aka wanke tas a ɗaura a kan sanduna ya wadatar. Haka za ki yi wa tattasai, attaruhu da kuɓewa. Zogale ne kaɗai ba a shanya shi a rana, a inuwa ake baza shi, in ba haka ba ya koɗe ya rasa amfaninsa.

Girki kuma lokaci ne. Duk abin da ke buƙatar tsayuwa a gaban wuta ina gama shi tsakanin sallar asuba da ƙarfe tara. Wake na jiƙa tun dare, don haka garau-garau ba ya cin gawayi. Miyar dare ma da safe nake soya ta, amma a bazara miya ba ta jira: ki sake tafasa ta bayan azahar, ta tafasa sosai ba ɗumamawa ba, ki rufe, kada kowa ya sa ludayi har lokacin ci. Shinkafar da ta wuni a rufe cikin zafi tana iya ɓata ciki ko da ba ta yi wari ba, gara ki dafa daidai cikin gida.

Da rana abin da ba ya son wuta nake bayarwa. Bandashe na gaba: a sayo gurasa, a tsoma ta a ruwan ɗumi a cire da sauri, a barbaɗe ta da dakakken ƙuli-ƙuli mai yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa, tumatir da kokwamba. Sai kwaɗon zogale, wanda ni a wurina babu abincin bazara da ya kama ƙafarsa. Ki zage ganyen ki tsince itacen, ki dafa tun safe har ya yi laushi, ki matse ruwan sosai, domin zogale mai ruwa yana kashe daɗin ƙuli. Ki daka ƙuli-ƙuli da busasshen barkono, citta kaɗan da gishiri, ki dama rabinsa da ɗan ruwa ya yi kauri, ki juya zogalen a ciki, sannan ki barbaɗa sauran a sama da albasa, tumatir da cokali biyu na man gyaɗa. Kada a kwaɗa sai za a ci. Wanda aka kwaɗa aka ajiye awa biyu a wannan zafi ya riga ya saki. Rama ma haka ake yi mata, sai dai a zubar da ruwan dafuwar fari don rage tsami.

Zoɓo ba sai kin yi ta dafa shi ba. Gwangwanin madara biyu na zoɓo, a ɗauraye ƙasar, a zuba a bokiti mai murfi tare da dakakkiyar citta, kanumfari kaɗan da wankakken ɓawon abarba, a juye tafasasshen ruwa lita huɗu a kai, a rufe da dare. Da safe a tace, a sa sukari daidai wanda za a sha, sauran a bar shi haka, ya fi daɗewa. A ɗura a gora a jingina a cikin tukunyar sanyi. Kunun aya kuwa ba ya haƙuri, in babu ƙanƙara ki yi kaɗan a shanye kafin azahar. Ƙanƙarar da kika saya a waje, ki sa ta a bayan gora cikin kula, ba cikin abin sha ba, tunda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Ga mangwaro da kankana sun cika 'Yan Lemo a wannan lokaci, su ma sun isa abin taɓawar yara da la'asar.

Yanzu ruwan da kika wanke shinkafa, zogale da tumatir, da na alwala, ina yake zuwa? A gidana bokiti guda ne a gindin rumfa, duk can ake tarawa, kuma shi ke shayar da lambu. Ruwan wanki mai omo ko bilic, ruwan wanke-wanke mai maiƙo da ruwan kwata ba sa shiga ciki.

Lambun buhu ne, don ba mu da ƙasa. Buhun shinkafa ko na taki da ya ƙare, a naɗe bakinsa ya dawo kamar tsayin gwiwa, a huda gindinsa da gefensa na ƙasa wuri biyar ko shida. Ƙasar kashi uku ce: biyu turɓaya mai kyau, ɗaya tsohon takin awaki ko tumaki, da ɗan yashi in ƙasar mai danƙo ce, da tafin hannu guda na toka. Na ce tsohon taki, wanda ya bushe ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ƙasar bola kuma ki bar ta, akwai batir da kwalba a ciki, kuma ganyen nan yaranki za su ci. Ki jiƙa buhun kwana biyu kafin shuka.

Abin da za a shuka shi ne inda mutane ke karaya. Sai mace ta shuka tumatir a Afirilu, ya yi ganye shar, ya yi fure, furen ya kakkaɓe, ta ce hannunta ba shi da albarka. Ba hannunta ba ne. Tumatir ba ya ɗaure 'ya'ya idan zafi ya wuce digiri 35 kullum. Latas shi ma ɗaci yake yi ya miƙe ya yi kai. Masu son zafi za ki nema: alayyahu, kuɓewa, rama, yakuwa, lalo da zogale.

Alayyahu shi ne na mai farawa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki gauraya ɗan tsunkule da tafin yashi ki watsa, ki rufe da ƙasa sama-sama, ki shimfiɗa ciyawa busasshiya a kai. Cikin kwana biyar zai fito, sai ki janye ciyawar. Idan ya yi cunkoso ki rage, ki sa wanda kika cire a miya. Mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma yanka za ki yi, ki bar kamar tsawon yatsa, zai sake tohowa. Kuɓewa ki jiƙa irinta ta kwana, ƙwaya uku a rami, in sun fito ki bar biyu masu ƙarfi a buhu. Wajen wata biyu za ta fara, kuma duk bayan kwana biyu ki tsinka, in ta riƙa a jiki sai uwar ta rage haihuwa. Zogale ya fi son rabin duro ko babban bokiti da ya fashe. Idan ya kai ƙugu ki datse kansa don ya yi rassa a inda hannu zai kai. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya a gwangwani suke zama, a gindin tukunyar sanyi inda ƙasa ba ta rabo da laima.

Ki jera buhunan inda za su sha hantsi, rana na take tsaka inuwa ta rufe su. Jikin katangar da ke kallon gabas ya fi. In babu, a kafa sanduna a ɗora zana ko buhu. Simintin tsakar gida yana gasa saiwa, don haka ki ɗora kowane buhu a kan katako ko bulo. Ban ruwa da asuba ne da bayan la'asar sakaliya, a gindi ba a kan ganye ba. Ga dabarar da yara ke jin daɗin yi: gorar ruwa ta roba, a huda ta da allura mai zafi wuri uku kusa da gindi, a binne ta a tsakiyar buhu bakinta a waje, a cika a rufe ba tam ba. Ruwan zai riƙa zuwa saiwa kaɗan-kaɗan, rana ba ta samun rabonta. Babba ne zai riƙe allurar, su kuma su yi cikawa, kowa da buhunsa.

Ƙadangaru da kaji su ne ɓarayin tsiro a Kano, musamman yanzu da babu wani kore a unguwa. Ki kewaye buhunan da raga har sai shukar ta yi ƙwari. In kin ga ƙananan ƙwari sun taru a bayan ganye, ki daka ganyen darbejiya cikin tafi biyu, ki jiƙa a lita biyu na ruwa ya kwana, ki tace, ki narka ɗan sabulun salo a ciki, ki yayyafa da yamma har bayan ganyen. Ki bar kwana uku kafin ki tsinka, kuma ki wanke sosai saboda ɗaci.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ki duba hudojin buhunan ki ƙara buɗe su, don ruwan Agusta yana iya kwanciya ya ruɓar da saiwa. Ki cire gorunan, ki sauke zanar kafin iskar farkon damina ta ɗauke ta. Kaudarki ki ƙara mata rana guda, ki ɗure a bokiti mai murfi tun iska ba ta yi laima ba. Tukunyar sanyi ma za ki ga ƙarfinta ya ragu, domin iska mai laima ba ta ɗaukar ruwa sosai, sai ki rage yawan cefanen da kike zuba mata. Irin tumatir, latas da karas kuma ki adana su a kwalba, sai Oktoba.