Yadda ake lissafin filin lantarki da fotenshal na cajin da aka jera a kan layi ɗaya

Duk wanda ya taɓa tuɓe rigar sanyi cikin duhu a Jos lokacin hunturu, ya ji tana ƙas-ƙas har da ɗan tartsatsi, ya riga ya gamu da cajin lantarki. Masu shirin jarrabawar WAEC da JAMB kuwa, da ɗaliban shekarar farko a Jami'ar Jos, a takarda suke gamuwa da shi, inda akan jera caji biyu ko uku a kan layi ɗaya, a ce su nemo filin lantarki (ƙarfin turi ko ja da kowane kulom, wato ma'aunin caji, zai ji a wurin) da fotenshal (makamashin da kowane kulom zai samu a wurin) a wani gurbi. Tushen lissafin shi ne dokar da masanin Faransa Kulom ya fitar a 1785.

Da farko a zana layin, a ɗora kowane caji a gurbinsa, sannan a mayar da nisa zuwa mita, caji kuma zuwa kulom. Mu ɗauki misali: caji na +4 maikirokulom (maikirokulom kashi ɗaya ne cikin miliyan na kulom) yana kan sifili, wato inda ake fara awon nisa, na −1 maikirokulom yana mita 3 daga hannun dama, ana kuma neman amsa a gurbin da ke mita 2.

Daga nan sai filin lantarki, wanda a nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe. Ƙa'idarsa ita ce E = kq/r², inda q yake cajin, r nisan cajin daga gurbin, k kuma take 9 × 10⁹. Filin yana da girma, yana kuma da inda ya dosa, saboda haka kada a cusa alamar ragi a cikin ƙa'idar. Girman kawai za a lissafa, zanen ne zai nuna alƙiblar. A ja kibiya da ke nesanta daga caji mai alamar ƙari, a ja wata da ke nufar mai alamar ragi. Caji na farko yana nisan mita 2, don haka ya ba da 36,000 (kq) a raba da 4 (r²), wato 9,000 niyuton a kowane kulom, kibiyarsa tana kallon dama. Na biyu yana nisan mita 1, shi ma 9,000 ya bayar, kibiyarsa kuma dama ta nufa tunda can cajin yake. Tunda sun dosa wuri guda, tara su za a yi, a sami 18,000. Wanda ya yi gaggawar debe ɗaya daga ɗaya saboda ya ga alamar ragi, sifili zai samu, ya kuma yi asarar makin gaba ɗaya.

Fotenshal ya fi sauƙi, domin ba shi da alƙibla. Ƙa'idarsa V = kq/r ce, kuma a nan dole alamar cajin ta shiga lissafi. Na farko ya ba da bolt 18,000, na biyu −9,000, jimilla bolt 9,000.

Sau da yawa tambayar takan ƙare da neman inda filin ya zama sifili. Idan alamomin sun saɓa, ba a tsakaninsu gurbin yake ba, sai dai a waje, ta ɓangaren ƙaramin cajin. A misalinmu, idan x shi ne nisan gurbin daga sifili, 4/x² = 1/(x − 3)², wanda ya kai mu mita 6. Fotenshal kuwa a gurbi biyu yake zama sifili a kan layin, mita 2.4 da mita 4, kuma a ganina ya kamata ɗalibi ya gwada lissafin filin a mita 2.4 da hannunsa: zai tarar kibiyoyin biyu duk dama suke kallo, filin kuma ya kai 31,250 niyuton a kowane kulom, alhali fotenshal ɗin wurin sifili ne.