Ga mai shirin baro Jidda ya dawo Kano da zama

Zaman Saudiyya yana da daɗinsa, amma akwai ranar da mutum zai gaji da sabunta igama, wato takardar izinin zama, da jiran sa hannun kafili, ubangidan da ya tsaya masa, da biyan hayar ɗakin da ba zai taɓa zama nasa ba. Tun da aka sa harajin iyali a watan Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka, har ya kai 400 a 2020, magidanta da yawa suka fara lissafin gida. Ni ma cikinsu nake. Ga abin da nake gaya wa duk wanda ya kira ni yana neman shawara.

Kada ka yi gini daga nesa. Na san abin da za ka ce: "Ai ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Ban ce ɓarawo ba ne. Amma kuɗin siminti suna hannunsa ɗansa zai kwanta asibiti, ko a koro yara kan kuɗin makaranta, sai ya taɓa da niyyar mayarwa. Kai kuma ana turo maka hoton bulo a WhatsApp kana hamdala. Ranar da ka sauka ka tarar da ginin ko linta bai kai ba, ga asarar kuɗi ga ɓacin zumunci, kuma na biyun ya fi wuyar gyara.

Ka dawo ka kama haya tukuna, shekara guda cur, damina da bazara su wuce a kanka. Kano ɗin da ka bari ba ita za ka tarar ba. Wuraren da ka sani gonaki ne, irin su Danbare da Mariri da bayan Rijiyar Zaki, yanzu gidaje ne maƙil. Idan an nuna maka fili ya yi maka, ka bari sai watan Agusta, ka koma washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafa. Dubi gindin katangar maƙwabta. In ka ga layin danshi ya kai gwiwa, ko gansakuka ta yi kore shar, ka san inda ruwa yake kwana. Tona ƙasar kaɗan da sanda: in leda da tsumma suka biyo, tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Dillali ba zai gaya maka wannan ba, la'adarsa yake jira. Mai shayin bakin layi ne zai gaya maka, shi da mai turin kurar ruwa, wanda daga farashin jarkarsa za ka gane ko unguwar tana da ruwa.

Sai takardu. Ka tambaya tun farko, awon gwamnati ne ko awon igiya? Na igiya ya fi araha, kuma mutane da dama suna zaune lafiya a cikinsa, amma layukan matsattsu ne, wani ko motar yashi ba ta shiga, kuma in titi ya biyo ta kanka ba ka da bakin magana sosai. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, shi ya sa takardar mallaka ta gwamnati take da nauyi. Idan mai fili ya ce yana da ita, ka ɗauki lambar ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Kano, a duba maka sunan wa ke kai. In filin gado ne, kada ka biya sai duk magada sun sa hannu, har matan cikinsu, a gaban mai unguwa da shaidu. Kafin a haƙa fandisho ka nemi izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. Da ka biya kuma, ka ja katanga ko da layi huɗu ne.

Kuɗinka kada ka canjar da su gaba ɗaya ranar da ka sauka. Wanda ya mayar da riyal ɗinsa naira kafin watan Yunin 2023 ya ajiye a banki ya ga yadda darajar naira ta faɗi bayan nan. Ka riƙa canjawa daidai buƙata, ka sayi rodi da kwano da kanka. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN kuwa ka gama da su a makon farko, don ba layin waya ba asusun banki sai da su.

Kowa zai ɗauka da buhun riyal ka dawo. Ka ware abin tsaraba, dabino da turare da jallabiya, ka ware na taimako, in ya ƙare ka ce ya ƙare ba tare da kunya ba.

Yaran da aka haifa a can sun fi kowa shan wuya. Larabci ne a bakinsu, Hausarsu ana yi mata dariya, Turanci kuma babu. A Islamiyya za su yi zarra, a boko sai ka nemo mai koya musu a gida kafin zangon Satumba. Uwarsu ma ka yi mata uzuri. Wadda ta saba da wuta dare da rana, ka fara sa mata sola ko ƙarama ce kafin ka sayi kujeru.

Kai kanka, bayan wata uku ƙafarka za ta fara ƙaiƙayi. Za ka ji wani yana shirin Umara ko sarin kaya a Dubai, zuciyarka ta ce bi shi. Maganinsa ka samu abin da zai fitar da kai kullum da safe, ko rumfa ce a Kantin Kwari ko shago a bakin layi, ka tsayar da masallaci ɗaya, ka riƙa zuwa jana'iza da suna da ɗaurin aure. Mutanen unguwa ba sa lissafa ka cikinsu sai sun ga ka ɗauki makara tare da su.