Inda ƙungiyoyin unguwa ke tuntuɓe wajen rage wa muhalli nauyi

Ƙungiya ta kafu, jama'a sun cika ɗakin taro, kowa ya yi alkawarin gyara yadda yake ƙona wuta da zubar da shara. Bayan wata huɗu ka leƙa, babu kowa sai shugaba da ma'aji. Niyya dai mai kyau ce, matsalar tana wajen abin da aka zaɓa aka fara da shi.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne shiga aiki ba tare da awo ba. A farkon shekarun 1990, William Rees da ɗalibinsa Mathis Wackernagel a jami'ar British Columbia ta Kanada suka fito da lissafin sawun ɗan Adam a doron ƙasa, wato faɗin gona da daji da ruwan da ake buƙata don samar wa mutum abin da yake amfani da shi, da kuma shanye dattin da yake fitarwa. Ƙungiyar unguwa ba sai ta yi wannan dogon lissafi ba. Littafi ɗaya ya isa. Kowane gida ya rubuta abin da mitarsa ta nuna, da litar man da ya ƙona, da yawan sharar da ya fitar a mako, har tsawon wata guda kafin a canza komai. In ba a yi haka ba, ranar da wani ya tambaya me aka cim ma, sai kowa ya yi zuru.

Rashin awon ne ke sa a bi abin da ido ke gani a bar abin da ya fi nauyi. Kusan kowace ƙungiya da yaƙi da leda take farawa, ta buga jakunkunan auduga masu tambarinta ta raba. Leda annoba ce, ba musu, tana toshe magudanan ruwa tana kashe dabbobi. Amma hukumar kula da muhalli ta Ingila ta nuna a rahoton 2011 cewa sai an yi cefane da jakar auduga sau 131 kafin hayaƙin da aka fitar wajen yin ta ya daidaita da na leda ɗaya da aka yi amfani da ita sau ɗaya aka yar. Wanda ya tara irin wannan jaka guda goma a bayan ƙofa, an gudu gara an faɗa wa zago. Gyaran shi ne kowa ya riƙe jakar da yake da ita har ta yage, a ɗinke, a ci gaba.

Manyan wuraren da suka fi yi wa muhalli nauyi su ne zirga-zirga da mota, sanyaya ɗaki ko ɗumama shi, da abincin da ake zubarwa. Na ƙarshen nan ya fi ba ni takaici, don shi ne mafi saukin gyara kuma shi aka fi mantawa da shi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya, kimanin tan biliyan 1.3 a shekara, asara yake yi ko a zubar. Ruwan da aka yi ban-ruwa da shi, da taki, da man da aka ƙona wajen dako, duk sun bi shi bola. A can kuma idan ya ruɓe a binne babu iska, sai ya fitar da iskar metan, wadda ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. A dafa daidai baki, a duba abin da ke gida kafin a je sayayya, ragowar ɓawo da ganye kuma a yi takin gargajiya da su. Idan ramin takin ya fara wari, ɗanyen kaya ne suka yi yawa: a ƙara busasshen ganye, a riƙa juyawa.

Akwai kuma ɗokin sayen sabo. Mutum ya yar da waya mai aiki don an ce sabuwar ba ta shan caji, alhali mafi yawan hayaƙin da waya ke jawowa a rayuwarta wajen haƙo ma'adinai da ƙera ta ne. A 2009 Martine Postma ta shirya zaman gyaran kaya na farko a Amsterdam, inda masu hannu ke zama da maƙwabta su gyara fanka da keke da tufafi kyauta, kuma abin ya bazu ƙasashe da yawa. Irin wannan ne aikin da ƙungiya ta fi mutum ɗaya iyawa. Haka ma aron kayan aiki: tsani ɗaya da injin huda bango ɗaya sun ishi gida ashirin.

Ranar sharar unguwa, kada a tara leda a cinna mata wuta. Hayaƙinta na ɗauke da guba mai illa ga huhu, an share ƙasa an ɓata iska ke nan. A shirya wanda zai kwashe tun kafin a ɗauki tsintsiya.

Wani tarkon ya daɗe. Tun 1865 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura cewa da injuna suka rage cin gawayin kwal a Ingila, sai yawan kwal ɗin da ake ƙonawa ya ƙaru, don ya yi araha. A gida ma haka ne: an sa ƙwan fitila mai tsimin wuta, sai a bar shi a kunne har gari ya waye. Tufka da warwara. Littafin awo ne zai tona wannan.

Sai wa'azi da gori. Mutum ba ya dawowa wurin da aka kunyata shi don ya zo da mota. Ko kwatanta gidaje ma sai da dabara. A wani bincike da aka wallafa a 2007 kan gidaje a Kalifoniya, da aka nuna wa kowa matsakaicin wutar da maƙwabta ke sha, masu yawan sha sun rage, amma masu tsimi sai suka ƙara. Da aka haɗa musu da 'yar alamar murmushi ta yabo, sai suka tsaya a kan tsiminsu. Don haka idan za a karanta alkaluma a taro, a fara da yaba wa waɗanda suka yi ƙoƙari.

Dashen itatuwa kuwa, ranar hoto kowa na nan, ranar ban-ruwa babu kowa. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a zaɓi irin da ya saba da yanayin wurin, a tanadi shinge saboda dabbobi, a kuma rubuta sunan wanda zai kula da kowace bishiya har ta shekara biyu. In mutum goma sha biyu ne suka ɗauki nauyi, to a dasa goma sha biyu.